Kwalbar da Ta Ƙi Ƙarewa

Ni na ƙona wa Baba ƙafa. Gara in faɗi haka tun da farko, don kada a ce na zo in ɗora wa tsoho laifi in wanke kaina, ko da yake shi ma zai sami kasonsa kafin in gama.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo ƙasa, duk ɗan ma'aikacin da ka sani a Katsina ya wayi gari da babur. Ina koyar da lissafi a firamare, ni ma na bi yayi na sayi nawa, ja, sabo fil. Wata Juma'a na nace sai na kai Baba masallaci a kansa. Shi bai so ba. Tela ne, ya fi shekara talatin yana taka keken ɗinki a zauren gidanmu a Ƙofar Marusa, kuma duk injin da ke gudu ba da ƙafar mutum ba, bai yarda da shi ba. Na yi ta lallashi har ya hau. Muka je lafiya, muka dawo lafiya. Wajen sauka a ƙofar gida, yana fama da tattara babbar riga, idon sawunsa na dama ya manne da salansa.

"Ba komi," ya ce. "'Yar ƙuna ce. Dutsen guga ya yi mani wadda ta hi wannan."

Ba ta fi faɗin kwabo ba. Inna, mahaifiyata, ta shafa masa ɗanyen ƙwai, washegari ya koma kan kekensa. Da ƙafar dama yake jan feda, ta hagu rakiya kawai take yi, saboda haka duk taku ɗaya sai fatar wurin ta motsa. Cikin mako guda ƙunar ta fashe ta zama miki.

To, a wancan zamani kowa likita ne. Kafso ya cika gari, ana tallansa a faranti tare da alawa da ashana, mai ja da rawaya, mai ja da baƙi, ka zaɓi launin da ya kwanta maka. Kuma mutanenmu sun gano wata dabara da ba a rubuta a jikin kwali ba: a ɓare kafson, a zazzage garin a kan ciwo. Duk wanda ya shigo zaure gaida Baba sai ya laluba aljihu ya fito da nasa. Baba ba ya mayar da hannun kyauta baya. Da safe ya zuba mai rawaya, da yamma ya zuba mai baƙi, in an ce a haɗiya ya haɗiya. Ga kuma wani mai kemis a bakin titi da yake masa allurar fanisilin. In ya yi biyu ya ji sauƙi sai ya daina, wai kada a ɓata sauran, in ciwo ya motsa a koma. Baba yana ganin girman allura ƙwarai. A wurinsa maganin da bai sa ka cije leɓe ba wasan yara ne.

Ni da nake taƙama da boko, kada ku ɗauka na hana. Ni ma na sayo kafso, har mai tsada na zaɓa, da hannuna na ɓare.

Wata uku muna wannan abu, ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Miki ya zama gyambo, ya kai faɗin tafin hannu, yana fitar da wani ruwa kore-kore mai ƙarni. Inna ta shiga kunna turaren wuta a zaure safe da yamma. Masu kawo ɗinki suka koma tsayawa daga bakin ƙofa suna miƙo yadi, suna cewa sauri suke yi. Baba ya gane dalili. Na yi maganar asibiti ya fi sau goma, ya ce can ai ba a san komai ba sai yanke ƙafa, shi kuwa tela in babu ƙafa me ya rage masa? Sai ranar da ƙafar ta ƙi shiga takalmi sannan ya yarda. Ko a ranar ma ya rantse ba zai hau babur ɗina ba, sai da na nemo tasi.

Likitan da muka samu baƙo ne daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa, ni na zama tafinta. Ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya tambayi abin da aka sa mata, na fara jerowa, tun yana rubutawa har ya ajiye biro. Ya dangwali ruwan ciwon da auduga, ya ce za a aika Zariya a duba, mu dawo bayan mako biyu. Da muka koma ya yi mini bayani a tsanake. Ƙwayoyin cutar da ke cikin gyambon, in ji shi, sun riga sun saba da duk kafso da allurar da muka sani. Kullum ana ba su kaɗan a daina, raunanan su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, yanzu masu taurin kan ne kaɗai a ciki. Kuma jini ba ya gudu sosai a idon sawun tsoho, abin da aka haɗiya kafin ya isa can ƙarfinsa ya ragu. Dole a kai maganin bakin ciwon kai tsaye, a ajiye shi a kai da ƙarfinsa.

Na juya wa Baba da Hausa. Na ce kamar jakin da ya saba da duka ne, sanda ta daina ba shi tsoro. Ya gyaɗa kai, wannan kam ya gane.

Likita ya kawo wata kwalba mai faɗin baki, cike da farin magani kamar kindirmo mai kauri. Ya ce don masu ƙuna aka kawo shi, kaɗan ne a asibitin, bai san ranar da wani zai iso ba. A wanke ciwon da ruwan gishiri da aka tafasa, a shafa da kauri sau biyu a rana, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada a haɗa shi da komai, kada a tsallake ko sau ɗaya. Na mutum ɗaya ne, na mako uku. Sannan ya nuna mini gaɓar idon sawun da yatsa, ya ce in cutar ta shiga nan, to magana ta canza.

A cikin tasi Baba ya yi ta juya kwalbar a hannu.

"Malam," haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsiya, "duk wanga zaman jira da muka yi, man shahwawa aka ba mu? Ko allura guda babu?"

"Babu, Baba."

"To Allah shi kyauta. Likitanga rowa gare shi."

Na karɓi aikin da kaina, don ban yarda da kowa ba. Da safe kafin in tafi makaranta, da kuma bayan la'asar, in tafasa ruwa, in tafasa ƙaramin cokali, in durƙusa a gabansa in wanke, in shafa, in naɗe. Na kafa doka cewa duk wanda ya sake shigo da kafso zauren nan, da ni zai yi. Baba yana kallon rufin zaure yana jan carbi kamar ba ƙafarsa ake taɓawa ba.

Kwana goma, wallahi, sai ga ikon Allah. Ƙarnin ya ɗauke. Koren ruwan ya tsaya, bakin gyambon ya yi ja mai kyau, ya fara tsukewa. Inna ta daina sayen turare. Baba ya koma kan keke a hankali, masu ɗinki suka dawo har cikin zaure suna zama, ga azumi ya gabato, yadin sallah ya fara taruwa. Mutumin da ya raina man shafawa sai ya zama maroƙinsa. Kowa ya shigo sai ya ɗage ƙafar wando ya nuna bandeji, ya ce wannan magani sai da aka aika Zariya kafin a san shi. Ina ji ina hura hanci kamar ni na haɗa shi. Kwalbar kuwa na bar ta a aljihun teburin kekensa, tare da su zare da almakashi, don ta fi kusa da hannu.

A mako na uku na lura kwalbar ba ta sauka yadda ya kamata. Jiya na bar ta a rabi, yau tana rabi, gobe ma haka. Na ce, "Baba, maganin nan kamar ba ya ƙarewa."

"Albarka ce," ya ce. "Abin da aka samu ta hanyar halal haka yake."

Ni malamin lissafi, mai dukan 'ya'yan mutane a kan ɗebewa, na ce alhamdulillahi. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na ga farin ya ɗan sirka rawaya, na ce zafin gari ne. Na ji wani ƙanshi da na sani, na ce hannun Inna ne ya taɓa murfin. Ranar komawa asibiti ta zo, Baba ya ce ɗinki ya yi yawa, ga magani bai ƙare ba, me za mu je mu ce wa mutum? Na yarda, don ni ma ina son in yarda.

Cikin azumi ciwon ya juyo. Da farko tsukewar ce ta tsaya, sannan koren ruwan ya dawo, sannan ƙarnin. Wannan karon zafin ba a fata yake ba, can ciki yake, in ya taka feda sai in ga gumi ya keto masa a goshi. Na ƙara kaurin shafawa. Na zagi likita a zuciyata, na zagi Zariya da masu dubawarta, na ce lalataccen magani suka ba mu. Abin duniya ya ishe ni, a aji ɗalibai suka yi ta shan masifar da ba su san dalilinta ba.

Wata Asabar tayar babur ta sace, ina tsaye wajen mai faci a Ƙofar Kaura. Wani lebura, irin mutanen ƙauyen da suka shigo gari aikin kwaɓa siminti a sababbin gine-gine, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi azumi, ya tambayi jikin Baba, sannan ya miƙo mini bayan hannunsa.

"Ka gani, Malam? Sumul. Siminti ya cinye mani nan wata biyu, maganin Baba tela na shahwa sau ukku. Allah shi saka maku da alheri, kai da ka samo shi."

"Wane magani?"

"Hwarin nan na Zariya. A murhin kwalbar lemo ya zuba mani. Ai ba ni kaɗai ba, mai ruwan unguwarku ma ya samu, da mahaucin da wuƙa ta yanka, da matar da kunu ya zubo ma. Har daga unguwar Gobarau ana zuwa."

Ban san lokacin da na bar babur ɗin a wurin mai faci ba. A ƙafa na taho gida, da azumi a bakina, rana tana dukana, ina tafe ina ƙirga murafan lemo a kaina.

Ban tsaya a zaure ba, na wuce ciki wurin Inna. Ban ma gama tambaya ba ta sunkuyar da kai. Ta ce kullum in na fita makaranta sai a yi sallama, wani da ɗan yatsa, wani da ƙwauri, Baba ya ɗiba ya ba su. In ya ga kwalba ta yi ƙasa sai ya aiko ta narka man kaɗanya, ya zuba, ya juya da tsinke har ya haɗe, ya goge bakin kwalbar. Ta ce ta yi masa magana ya ce ba ruwanta. Ke nan makonni ina tafasa cokali, ina wanke hannu har gwiwa, ina shafa wa mahaifina man kaɗanya cikin ladabi.

Na dawo zaure. A gidanmu ba a ɗaga wa Baba murya, ban taɓa ba, amma ranar na yi.

"Baba, likita ya ce na mutum guda ne! A gabanka ya hwaɗa, ni na juya maka!"

"Likita ba ɗan unguwarga ba ne."

"Ƙahwarka ce hwa! In ta tahi, da mi za ka taka keke?"

Ya ajiye almakashi. "To kai gaya mani. Mutum ya yi sallama, ya kwance tsumma ya nuna mani ciwonshi, ya ga nawa yana warkewa, ya san abin yana nan cikin aljihun tebur. In ce mishi mi? Ana rowar kuɗi, ana rowar hatsi, ban taɓa jin an yi rowar magani ba. Ɗan kaɗan nike ɗiba, bakin cokali."

"Man kaɗen hwa?"

"Don kar ranka shi ɓaci. Kuma ai shi ma magani ne, da shi aka yi goyonka."

Takaici ya cika ni, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ban ga alamar nadama a fuskarsa ba. Kunyar an kama shi kawai yake ji.

Ranar Litinin muka koma asibiti. Na miƙa wa likita kwalbar, ya buɗe ya sansana, ya dube ni. Da ya yi faɗa da na fi jin daɗi. Cewa kawai ya yi maganin da aka sirka ba shi da bambanci da kafson da muka yi ta zubawa, ya ba cutar ɗanɗano bai kashe ta ba. Ya danna gaɓar, Baba ya yi salati da ƙarfi. A ranar aka ba shi gado.

Mako shida ya yi a kwance. An shiga da shi an kankare ruɓaɓɓen nama har kusa da ƙashi, kullum ana wanke wurin da wani ruwa mai raɗaɗi, da ƙyar aka samo wata kwalbar. Yadin sallah da ke jibge a zaure, ni na ɗaure su a bayan babur na bi gida gida ina mayarwa, wani an yanka ba a ɗinka ba, ina ba da haƙuri. Wasu sun shekara ashirin Baba ne ke yi musu ɗinkin sallah. Suna karɓa suna cewa Allah ya ba shi lafiya, suna kuma tambayata wane tela nake ganin ya kamata su kai wa.

'Yan dubiya kuwa ba a magana. Mai ruwa ya zo, mahauci ya zo da tsire, lebura ya zo, kowa garau, kowa yana nuna wa Baba tabonsa, Baba yana murmushi kamar manomin da ke zagaya gonarsa. Ni ina tsaye a gefen gado ina amsa gaisuwa da haƙora a cije. Har da wanda ya jawo ni gefe ya danƙa mini kafso biyu a takarda, wai in zuba in ma'aikata ba sa kallo.

Ba a yanke ƙafar ba, wannan mun gode Allah. Amma gaɓar ta sandare, ba ta lanƙwasawa gaba, ba ta lanƙwasawa baya. Aka sallame mu da sauran ɗan miki da wata ƙaramar kwalba ta kwana goma. Wannan a aljihuna ta zauna, da ita nake zuwa makaranta, da ita nake zuwa masallaci.

Kwana uku da dawowarmu, bayan la'asar, na shigo na tarar ya yaye zanen da aka rufe keken da shi ya zauna. Ya ɗora ƙafar dama a feda ya danna, ƙafar ta tafi gaba ɗaya kamar itace, allura ta sauka sau biyu ta tsaya. Ya gwada da hagu. Ita ba ta taɓa jagora ba, sai wilin ya juya baya, zare ya tsinke. Ya zura zare, ya sake takawa, ya sake tsinkewa. Sau huɗu, ina ƙirgawa. Ina tsaye da butar ruwan gishiri a hannu.

Sai aka yi sallama. Wani dattijo ne, baƙo, da gani daga ƙauye ya taso, ƙafarsa ɗaure da tsumma, ƙudaje suna bin sa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce an gaya masa a gidan nan akwai wani farin magani.

Baba ya juyo gare ni. Aljihuna ya duba.

"Sai haƙuri, ya ƙare," na ce. "Ku tahi asibiti, can ake ba da shi."

Dattijon ya ce to, Allah shi sa haka ya fi alheri. Ya yi mana addu'a, ya juya yana jan ƙafa. Mun daɗe muna jin sandarsa a lungu. Na durƙusa, na kwance bandeji, na fito da kwalbar na buɗe. Baba ya miƙo ƙafar, ya juya fuskarsa bango.

"Yi aikinka, Malam," ya ce.

Mikin ya rufe a cikin kwana goman, kamar yadda likita ya faɗa. Keken bai sake juyawa ba. Na san na yi daidai, ko yau aka sake haka zan sake, kuma har yanzu ina jin haushin tsohon nan. Amma daga ranar har ya rasu, in aka yi sallama ina zaune a zauren, Baba ba ya bari in amsa. Da sauri yake riga ni.